Dan Allah mahaya, wane takalmi zan sa ranar Hawan Daushe?

Autan Hajiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah kar a yi min dariya. Kawuna ya ce in Allah ya kai mu Sallah zai ba ni doki ɗaya in shiga tawagarsu ranar Hawan Daushe a nan Kano, to ni gaskiya duk hawan da na taɓa yi a rayuwata bai wuce na ɗaukar hoto ba. Yau sati biyu kenan kullum bayan la'asar ina zuwa barga ana koya min, muna ɗan fita kilisa. Riga da rawani duk an gama maganarsu, takalmi ne ya rage. Da kambas ɗina nake hawa, irin mai ƙaton tafi ɗin nan, to jiya da zan sauka ƙafar hagu ta ƙi fita daga likkafa sai da yaron barga ya riƙe dokin ya zare min ita. Shi dariya ma ya yi amma ni wlh abin ya tsaya min a rai har na kwanta. Me ya kamata in saya, kuma a ina?

Ɗan Kwalisa:
Hhhh auta kenan, ka sa silifas ɗin wanka kawai, ko ka faɗi ba ka yi asarar takalmi ba

Mai Akawal:
Ɗan Kwalisa bar wasa da wannan maganar. Auta ka gode wa Allah dokin a tsaye yake lokacin da ƙafar ta maƙale. Daga yau kar ka sake hawa da kambas ɗin nan, ko kilisar cikin barga ce. Wani sirdi kake koyo da shi, na gida ko na Bature?

Autan Hajiya:
Na Bature ne yaya, mai siririyar likkafa. Amma sun ce ranar hawa na gargajiya za a ɗaura min

Ɗan Folo:
To tunda sirdin Bature ne bari in yi maka bayani yadda aka koya mana. Abu na farko dunduniya. Takalmin hawa dole ya zama yana da dunduniya mai gaɓa, tsayinta kamar inci 1 zuwa 1 da rabi, wato faɗin yatsa biyu haka. Aikinta ɗaya ne, in ƙafarka ta zame gaba ita ce za ta daki ƙarfen likkafa ta tsaya, ba za ta bari ƙafar ta zurma har idon sawu ba. Kambas ba shi da wannan gaɓar, ƙasansa a shafe yake tun daga yatsa har baya, shi ya sa yake wucewa ciki zuruf. Sannan in ya shiga kuma ba ya fita saboda robar ƙasansa mai haƙora ce kuma tana da faɗi, an yi ta ne dan ta kama ƙasa, to a likkafa ma kamawa take yi. Mu abin da muke so tafin takalmi ya zama sumul ko mai 'yar zane kaɗan, yadda in ka faɗo ƙafarka za ta biyo ka ba ta tsaya a jikin doki ba. Kuma in ka sa ƙafa a likkafa a samu sarari kamar faɗin yatsa ɗaya ta kowane gefe. In ya matse matsala, in ya yi yawa ma matsala. Ka nemi but kawai, dogo ko gajere, ban da mai igiya a gaba dan igiyar na iya sarƙewa.

Baba na Barga:
Yaran zamani kenan. Ni shekarata sama da arba'in ina bin dawaki, mahaifina ma a barga ya tsufa, ban taɓa ganin ya sa takalmi mai dunduniya ba. Huffi ne na fata mai dogon wuya, ƙasansa a shafe, da shi ake sukuwa da shi ake zamiya a Ƙofar Kudu gaban sarki. Yanzu an zo ana ce mana sai da inci kaza. Kakanninmu da suka je yaƙi a kan doki wa ya auna musu inci?

Ɗan Folo:
Allah ya ja da ran Baba, ba musu nake da ku ba. Amma ai an sha jan mutane a ƙasa a da ɗin ma, ba a dai ɗauka a waya ba ne kawai

Baba na Barga:
An sha ja, ban ce ba a ja ba. Amma ka tambaya wane ne aka ja. Mafi yawa wanda bai iya zama ba ne, ko wanda ya ari sirdin da ba nasa ba

Mai Akawal:
Ni fa ina ganin ku biyun duk kuna da gaskiya, likkafa ce ba iri ɗaya kuke magana a kai ba. Ta Ɗan Folo siririn ƙarfe ce, gaban tafin ƙafa kawai kake ɗorawa, wajen gindin yatsu, ka danna dunduniya ƙasa. Bayan wannan ƙarfen babu komai sai iska, to in ƙafa ta zame ina za ta tsaya in ba dunduniya? Ita kuwa tamu ta gargajiya mai faɗin nan kamar shebur, ƙafar gaba ɗaya take zama a kai tun daga yatsa har dunduniya kamar kana tsaye a dakali. A nan takalmi mai shafaffen ƙasa ya fi zama daidai, in ka sa mai doguwar dunduniya ma sai ka ji kana tangal-tangal a kai, wani lokacin gaɓar ta kama bakin likkafar ta baya. Na taɓa gwada but ɗin folo a likkafar gida ranar Hawan Nassarawa, kafin mu kai Gidan Gwamnati sharaɓata ta riƙe. Dan haka auta matsalarka biyu ce ba ɗaya ba, tunda kana koyo da wani sirdi za ka hau da wani.

Autan Hajiya:
Tab, wato takalmi biyu zan saya kenan? Ni fa ɗalibi ne yaya

Mai Akawal:
A'a. Ka ce wa kawu daga gobe a ɗaura maka sirdin da za ka hau da shi ranar Sallah. Dama kuskure ne ka saba da wani zama sannan ranar taro a canza maka, ga kaya masu nauyi ga ƙarar harbin 'yan bindiga (ka ga dokin da bai saba ba yadda yake zabura ai). Zaman sirdin gida daban ne, akwai kwacciya gaba da baya ta riƙe ka. Sai ka sayi takalmi ɗaya daidai da wannan likkafar shi kenan.

Ɗan Kwalisa:
Ko kuma ya hau ba takalmi, yaran unguwarmu duk haka suke kilisa ƙafa a sake, babban yatsa kawai suke saƙalawa kuma sun fi kowa gudu

Mai Akawal:
Bari in ba ka labari tunda ka kawo wannan. Shekara huɗu ko biyar da suka wuce muka fita kilisa da wani ƙanin abokina, yaro ne mai ƙarfin hali, ya iya doki ba laifi. Sandal ya sa, irin mai maɗauri ta baya. Muna tafe a gefen titi wani mai adaidaita ya danna hon a daidai kunnen dokin, dokin ya yi gefe ya taka kwalta ya zame, yaron ya faɗo ta dama. Faɗuwar ba komai ba ce wallahi, da ƙafarsa ta fita da tashi zai yi ya kakkaɓe riga mu yi masa tsiya. Sai maɗaurin sandal ɗin ya sarƙe, ƙafar ta shige har idon sawu. Doki kuma in ya ji abu na binsa a ƙasa ba ya gane mai shi ne, tsoro yake ƙara ji, ya ƙara gudu yana harbi. Bai ja shi da nisa ba, kamar daga nan zuwa turken wuta na biyu, maɗaurin ya tsinke. Amma bayansa duk ya saluɓe, idon sawun ya goce, wata uku yana dogara sanda. Abin da ba na mantawa shi ne takalmin, na koma na tsince shi a bakin kwata, maɗaurin ya rabe biyu kamar an sa reza. Da fatar mai ƙwari ce ba ta tsinke ba ban san me za a ce ba yau. Su kuma yaran da kake cewa ba takalmi, je ka duba yatsunsu. Doki na kai kilo 300 zuwa 400, in ya ɗora maka kofato a farce lokacin da kake ɗaure majayi ba sai an gaya maka ba. Ciwon doki da yawa a ƙasa ake jinsa ba a sama ba.

Ɗan Kwalisa:
Subhanallahi. Na janye, wasa nake

Jikan Dukawa:
Sai yanzu na ga maganar. Auta wannan sana'ar gidanmu ce dan haka saurara. Kar ka je ka ce a ba ka lamba 42 ka taho. Ka kwance likkafar guda ɗaya ka sa a jaka ka tafi da ita wajen baduku, ko cikin Kasuwar Kurmi ko wajen masu takalma a Ƙofar Wambai, duk wanda ya san aikin hawa ba zai yi mamaki ba. Za a sa ka taka kwali a zana ƙafarka da biro, a auna wuyan ƙafa da sharaɓa, sannan a gwada zanen a kan likkafar. Ka je da yamma ba da safe ba, dan ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni, kuma ranar hawa za ka yi awanni a sama ƙafa na rataye cikin rana. Ka sa safar da za ka hau da ita, ka kuma tafi da wandon, tunda wasu cikin takalmin suke cusa ƙafar wando wasu kuma su sake shi a kai.

Fata kuma kala biyu ake haɗawa. Wuyan takalmin fatar akuya ko ta tunkiya, mai laushi ce tana bin ƙafa, a jikinta ake yin ado da zare ko a liƙa wata fatar mai launi. Tafin kuma fatar sa mai kauri. Ka dage a ɗinka tafin da zare, ba a manna da gam kawai ba, dan zufar doki da zafin rana suna ɗaga gam, sai ka ga bakin takalmi ya buɗe kamar kada kana tsakiyar tawaga. Sannan ka shinshina. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta, ita kuwa ledar nan da ake ce wa fata warin roba take, wata biyu ta fara ɓarewa. Abin takaici fatarmu ce fa ake ɗauka tun zamanin fatake ta hamada, ta je Turai a kira ta fatar Maroko, yanzu kuma mu muke sayen leda daga waje muna ce mata fata.

Ɗan Folo:
Jikan Dukawa amma tsakani da Allah aikin wasunku sai a hankali. Na taɓa ba da ɗinkin but, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, zif ɗin kuma a ciki aka sa shi ta wajen cikin doki, ya dinga gurzar dokin yana gurzata

Jikan Dukawa:
Wannan mai takalmin makaranta ka kai wa ba baduku ba. Ba kowa ne ya san cewa gefen ciki na takalmin hawa ba a sa masa komai ba, ba zif ba maɓalli ba ƙarfe, sumul ake barinsa dan shi ke manne da doki. Zif a baya ake sa shi. Amma gaskiyarka, masu yi da kyau sun ragu, tsofaffin suna tafiya yaran kuma sun koma jaka da bel dan sun fi fita

Ɗan Folo:
Shi ya sa ni nake ce wa sababbi su leƙa gwanjo. Ana samun gajeren but ɗin nan mai roba a gefe wanda ba igiya, asalinsa ma na hawa ne, sunan garin Jodhpur na Indiya aka sa masa. Yana rufe idon sawu, yana da 'yar dunduniya, ƙasansa sumul, bayan Sallah kuma ka goge shi ka je ɗaurin aure da shi. Illarsa ɗaya, ba ya kare ƙwauri, igiyar likkafar sirdin Bature tana mintsinin fata sosai, sai ka haɗa da doguwar safa mai kauri. Abin da dai ba na so shi ne but ɗin sojoji ko na masu aikin gini, mutane na ganin ai but but ne. Wannan ya fi kambas haɗari, ga faɗi ga haƙora ga igiya.

Baba na Barga:
A nan na yarda da kai yarona. Wani ya zo mana da irinsa na ce ya cire ko ya sauka. Ren but ma haka, na wankin barga ne ba na hawa ba, ƙafa na yawo a ciki

Maman Biyu:
Slm, ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Ni yarana ne damuwata, babansu duk shekara sai ya ɗora su, ɗaya shekara 7 ɗaya 5. Ƙafarsu ba ta kai likkafa, sai in ga an cusa musu ƙafa cikin igiyar da ke sama da ita wai dan su samu abin takawa, ga takalmin Sallah sau ciki mai santsi. In na yi magana a ce tsoron mata ne. Dan Allah hakan daidai ne?

Baba na Barga:
Ba daidai ba ne Hajiya, kuma ki ce ni na faɗa. Ƙarfe ma yana riƙe ƙafa balle igiya, ita shaƙewa take. Ko a rage tsawon igiyar a sa musu ƙaramar likkafa ta yara, ana ƙerawa, ko a bar ƙafafun a sake babba ya riƙe ragama yana tafe a gefe. Kuma kar a sa wa yaro likkafar manya ko da igiyar ta kai, ƙafarsa da takalmin gaba ɗaya za su wuce ta ciki. Yaro in ya zamo a cafe shi, wannan shi ne aikin wanda ke gefe

Maman Biyu:
Ngd Baba Allah ya ƙara girma. Zan tura masa wannan ɗin ba tare da na ce komai ba

Ustazun Layinmu:
Wani abu da ba a taɓo ba, sallah. Hawan Daushe da yamma ake yi, sarki ya zaga ya biya Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar sarki, ya dawo Ƙofar Kudu, kafin a gama jafi a watse magariba ta yi ko ta kusa, ku kuma tun bayan azahar kuna cikin kaya. In takalmin na fata ne, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, kuma da alwala ka sa shi, hukuncin huffi yake ɗauka, shafa za ka yi a kai ba sai ka tsaya kokawar cirewa a bakin titi ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun ambaci kaimi da sunansa, cewa ba ya hana mahayi shafa, sannan sun yi rangwame a kan kashin dabba da ya taɓa huffi ko takalmi in an goge shi da ƙasa sosai. Ka ga tun da can an san da mahaya. Sai dai leda ba fata ba ce, dan haka maganar Jikan Dukawa ta shinshinawa ta shafi nan ma.

Ɗan Kwalisa:
Ni dai auta in ka ji tawa ka nemi na gashin jimina, ka ga ranar kowa kai zai kalla

Jikan Dukawa:
Hhh so kake dogarai su sauke shi tun daga Ƙofar Kwaru ta gidan sarki. Wannan kayan sarauta ne ba na kowa ba, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ake danganta shi, tare da kakaki da figini, wato mafificin gashin jimina. Shi ne ma ya kafa Kasuwar Kurmin da muke tura auta

Mai Akawal:
Kuma tunda UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ni abin da ke ba ni haushi shi ne ka ga mutum ya sha rawani ya sha riga ta alfarma, doki ya sha jalala da ɗan gaba, ka kalli ƙasa ka ga kambas fari da tambarin kamfani. Ko dan hoton ma ai a gyara

Baba na Barga:
Maganar kaimi da malam ya ambata, auta kar ka sa. Ban yarda sabon mahayi ya ɗaura kaimi ba. In ka tsorata ƙafa za ka matse, kai kana neman tsira shi kuma doki ya ji suka ya ɗauka cewa ka yi ya tashi. Gefen likkafar gida ma kaɗai ya isa ya taɓa shi

Autan Hajiya:
Na dawo da rahoto. Jiya na kwance likkafar kamar yadda aka ce, nauyi gare ta wlh, na sa a jakar makaranta na shiga Kurmi. Dattijon da na samu yana ganin na fito da ita ya yi dariya ya ce wa ya aiko ka, ya ce rabon da wani ya zo masa da likkafa ya manta, yanzu hoto ake nuna masa a waya. Ya zana ƙafata a kwalin taliya, ashe ta dama ta ɗan fi ta hagu faɗi ban taɓa sani ba. Mun yi da shi zai yi mai wuya har ƙasan gwiwa, ja da ɗan ado baƙi, tafin ɗinki ba gam ba, ya ce zai ƙara fata ɗaya siririya a dunduniya yadda ko na koma sirdin Bature za ta ɗan taimaka. Kwana goma ya ce. Na kuma gaya wa kawu maganar sirdi, ya ce dama jira yake ya ga ko zan tambaya

Ɗan Folo:
Fata ɗaya ba za ta tsayar da ƙafa a siririyar likkafa ba fa, kar ka dogara da ita. In za ka dawo sirdinmu ka zo in ara maka nawa

Jikan Dukawa:
Kwana goman baduku kuma ka lissafa sati uku, ka dinga leƙawa kana gaishe shi. In ka karɓa kar ka ajiye sai ranar Sallah, ka shafa masa man kaɗe kaɗan ka dinga yawo da shi a gida kana hawa da shi kullum ya saki, in ba haka ba ranar hawa ƙafarka za ta yi bororo tun kafin ku fita daga unguwa

Autan Hajiya:
To kafin nan da me zan ci gaba da koyo? Kambas ɗin Hajiya ta riga ta ba almajirinmu tun da na karanta mata labarin mai sandal

Baba na Barga:
Akwai tsohon huffina a rataye bayan ƙofar ɗakin harawa, ka kakkaɓe shi da kyau kafin ka zura ƙafa, kunama na son wurin